Babi na Shida: Ƙibar da Magani Ya Kawo

A Kano, idan aka ce Dawanau, sai ka dubi mai maganar kafin ka san inda ya dosa. In ɗan kasuwa ne, kasuwar hatsi yake nufi, wadda manyan motoci ke lodi a cikinta dare da rana zuwa kudu da Nijar da Chadi. In kuwa cikin faɗa ko ba'a aka ce wane sai an kai shi Dawanau, to asibitin masu taɓin hankali ake nufi, wanda a da yake hannun gwamnatin jiha, daga baya ya koma na tarayya. Duka biyun a ƙasar Dawakin Tofa suke, a kan hanyar Katsina. Na sha tsayawa a layin 'yan riɗi ina kallon yadda ake ɗora buhu a sikeli, dillali da mai kaya duk sun zuba wa allurar ido, ba mai yarda a ci masa ko rabin kilo. A wannan babin ina so in yi magana ne a kan wani nauyi da ba kasafai ake aunawa ba, wato nauyin yaron da aka ɗora a kan maganin ƙwaƙwalwa.

Ɗan yayata ne ya koya mini. A wani ƙauye suke, can ciki bayan an sauka daga titi, inda gida ke haɗe da gona, gona ke haɗe da gidan maƙwabci. Yana shekara 16 ya daina barci, ya koma magana shi kaɗai, ya ce ana zuba masa wani abu a tuwo. Aka yi ruƙiyya, aka yi tofi, aka yi hayaƙi, yaro sai ƙara lalacewa yake yi har wuyansa ya zama kamar mariƙin lema. Da aka yarda a je asibiti, mahaifinsa ya ce ko'ina ya yarda ban da Dawanau, don kada sunan ya bi yaron har ranar neman aure. Aka kai shi wani asibitin kuɗi a cikin birni, ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Sallah, aka rubuta masa olanzafin, ƙwaya ɗaya da dare.

Maganin ya yi aiki, kuma ya kamata in faɗi wannan tun da wuri. Cikin mako uku yaro ya koma barci, ya daina zargin mutane, ya fara gaida na gaba. Ya kuma fara cin abinci kamar gara. Kakarsa, wadda ke kiransa mai gidanta, ta kasa ɓoye murna. Na je dubiya ta tare ni tun daga zaure: "Zo ka ga mai gidana, ya murmure, kumatu har sun fito. Masha Allah, jiki ya yi kyau." Kullum da yamma sai ta aika a sayo masa lemon kwalba da madarar gwangwani, wai don jininsa ya dawo.

Wanda ya fara ankarar da mu tela ne. Da aka kai ɗinkin babbar Sallah, ya buɗe littafinsa ya dubi awon da ya yi wa yaron a cikin azumi, ya sake zagaya tef a ƙugunsa, ya ce da ni, "Alhaji, ko dai ƙanensa na auna wancan karon? Inci 28 na rubuta, ga shi yanzu 33." Tsakanin Sallah da Sallah kwana saba'in ne ko kusa da haka. Duk zuwan da aka yi asibiti a tsakanin, ba wanda ya ce yaron ya hau sikeli. A duk duniya, wurin da aka rubuta abin da maganin ke yi wa jikinsa shi ne littafin tela.

Daga baya na gane cewa abin da ya same shi sananne ne. A shekarar 2009 wani likita mai suna Christoph Correll da abokan aikinsa a New York suka wallafa sakamakon bibiyar yara da matasa 272, 'yan shekara 4 zuwa 19, waɗanda karonsu na farko ke nan da shan irin wannan magani. Cikin kusan mako goma sha ɗaya, masu shan olanzafin sun ƙara kilo 8.5 a matsakaicin lissafi, masu kwetiyafin kilo 6.1, masu risferidon 5.3, masu arififirazol 4.4. 'Yan tsirarun da ba su sha maganin ba, abin da suka ƙara bai wuce kilo 0.2 ba. Kilo takwas da rabi ya haura nauyin tiya uku ta dawa, kuma a jikin yaro ɗaya, tsakanin Sallah da Sallah.

Me ke kawo haka? A ƙwaƙwalwa akwai wuraren da saƙon ƙoshi ke shiga, ta hanyar wasu sinadarai biyu da ake kira histamin da serotonin. Waɗannan magunguna, garin kwantar da ruɗanin da ke kan mara lafiya, sukan toshe waɗannan ƙofofin su ma. Ciki ya cika, amma labari bai isa sama ba. Matan Kano sun san wannan hanya ko da ba su san sunanta ba: wasu daga cikin ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda ake sha don a yi ƙiba kafin biki, ainihin ƙofofin nan suke toshewa. Bambancin kawai, mai shan sha-ka-fashe ita ta nema, shi kuwa yaron nan ba wanda ya tambaye shi. Ga kuma kasala da yawan barci da maganin ke sawa, wanda ke rage motsi. Sannan akwai abu na uku da ido ba ya gani. Insulin, sinadarin da ke buɗe wa sukari hanya daga jini zuwa tsoka, sai jiki ya daina jin maganarsa yadda ya kamata. Sukari ya taru a jini, kitse ma ya taru, wani lokaci tun kafin ƙibar ta bayyana. Wani bincike da aka yi a jihar Tennessee ta Amurka, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa yara da matasa masu shan irin waɗannan magunguna sun ninka takwarorinsu sau uku wajen haɗarin kamuwa da ciwon sukari. Ciwon sukarin da ya kama mutum yana ɗan shekara sha shida kuwa ya fi na dattijo saurin ɓarna, kuma ya fi samun shekarun da zai yi ta a ido da ƙoda da zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa masu matsanancin ciwon ƙwaƙwalwa kan riga sauran jama'a mutuwa da shekara 10 zuwa 20, kuma akasari ciwon jiki ne ke kashe su, na zuciya da hanyoyin jini a gaba.

A ƙasashen da ake gudun ƙiba, uwa na ganin ɗanta ya fara cika za ta koma wurin likita a fusace. A wurinmu sai a yi hamdala. Mun taso mun ga rama ita ce alamar ciwo da talauci da rashin kulawa, ƙiba kuwa hutu ce da kwanciyar hankali. Yaron da ya rame a lokacin ciwo, idan ya fara cika, wa zai ce a tsaya? Kilo biyu ko ukun farko ma alheri ne, abin da ya rasa ne ya dawo. Matsalar ita ce ba inda aka shata layi. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, idon da ke ganin yaro safe da yamma, kuma yake fatan ganinsa ya warke, shi ne na ƙarshe da zai san kimar.

Saboda haka sai an auna, kuma awon farko, na ranar da za a fara magani, ya fi kowanne muhimmanci, don in babu shi ba abin da za a gwada na gaba da shi. Tun 2004 ƙungiyoyin likitocin sukari da na ƙwaƙwalwa a Amurka suka haɗu suka fitar da tsari: a auna nauyi a farko, a sake a mako na 4 da na 8 da na 12, daga nan duk wata uku, a auna hawan jini da sukari da kitsen jini a farko da kuma bayan wata uku. Suka ce idan nauyi ya ƙaru da kashi 5 cikin 100, lokaci ya yi da za a sake duba maganin. Ga yaro mai kilo 50, kilo biyu da rabi ke nan, tiya ɗaya. Da yake yaro girma yake yi, dole a riƙa auna tsayinsa tare, don a raba ƙarin girma da ƙarin kitse.

Ba kowane ƙauye ne ke da ɗakin gwaji ba, amma wuya ka rasa sikeli a asibitin sha-ka-tafi inda ake awon ciki, ko a babban kemis. A riƙe sikeli ɗaya, a hau shi da safe, ba takalmi, a rubuta a bayan katin asibiti ko a littafin makaranta. Akwai ma dabarar da ba ta buƙatar ko sisi. A samu igiya a yanke ta daidai tsayin yaro daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a ninka ta biyu, a zagaya ta a cikinsa ɗan sama da cibiya. In bakin biyu sun haɗu, da sauƙi. In sun ƙi haɗuwa, faɗin ciki ya wuce rabin tsayi ke nan, kuma kitsen ciki shi ne mai haɗarin.

Gwajin sukari na ɗan tsinke a yatsa yanzu ya wadata. A yi shi da safe kafin a karya, bayan awa takwas ba a ci komai ba. A na'urar da ke ƙirga da ɗaruruwa, ƙasa da 100 lafiya ne, 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 zuwa sama kuma sai likita ya sake gwadawa ya tabbatar. Akwai wani gwaji da ke nuna matsakaicin sukarin wata uku, mai kyau ne, amma a jikin mai sikila yakan ba da amsar da ba daidai ba, kuma mu a nan sikila ba baƙuwa ba ce. A gaya wa likita tun kafin ya rubuta. Sai alamun da uwa ce ta fi kowa iya ganinsu: ƙishirwa da ba ta yankewa, yawan fitsari da dare, yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance ya koma yi, kiyashi na taruwa inda ya tsuguna. Akwai kuma wani baƙi mai laushi da ke fitowa a bayan wuya da hammata. Yayata ta yi wata guda tana dirje wuyan ɗanta da soso da sabulun salo tana masa faɗan ƙazanta. Ba dauɗa ba ce, alama ce ta cewa insulin ya yi yawa a jini yana ta bugun ƙofa.

Batun abinci shi ne inda gida ke da iko, kuma shi ne inda aka fi ɓata wa yaro rai. Yunwar nan ta gaske ce. Ba haɗama ba ce, ba rashin tarbiyya ba ne. Ɗan yayata ya taɓa ce mini, "Kawu, wallahi ina tashi daga kwano nake jin kamar ban ci ba." Da tsakar dare sai a ji motsin tukunya, ya tashi yana kankare ƙanzo. Ƙannensa da suke ci kwano ɗaya suka fara kai ƙara, aka fara kiransa acici. Yaron da bai gama farfaɗowa daga zargin mutane ba, ka ga an ba shi sabon dalili.

Abin da ya yi mana aiki shi ne gyara girkin gida gaba ɗaya maimakon a ware shi. Abu na farko da aka cire shi ne abin sha mai zaƙi, don kwalbar lemo ɗaya na ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara, kuma ba ta ƙosarwa. An sha daga da kakarsa kafin ta haƙura; sai da aka bar mata hurumin dama masa fura da nono ba sukari, sannan aka zauna lafiya. Zoɓo da kunun aya da shayi aka rage musu zaƙi a hankali har baki ya saba. Mutanen ƙasar Dawakin Tofa a nan sun fi na birni sa'a, don abin da likita zai ce a ci yana bayan gida: wake, zogale, rama, yakuwa, kuɓewa, gyaɗa, dawa da gero. Tuwon dawar da ba a surfe ta ƙal ba ya fi daɗewa a ciki a kan farar shinkafa da taliya da burodi, miya kuma a yawaita ganye a rage mai. Aka koma ba shi kwaɗon zogale ko dafaffen wake ya fara ci kafin tuwo ya iso. Da dare ana ajiye masa ruwa da gurji da ɗan wake a rufe kusa da shimfiɗarsa, don in yunwar ta tashe shi ya samu abin da zai taɓa ba tare da ya je ga tukunya ba. Kuɗin kashewa aka rage, don duk abin da aka hana a gida yana nan wurin mai fanke da mai awara a bakin masallaci.

Motsi kuwa, mu muka hana shi da kanmu. Tun da ya kwanta aka cire shi daga makaranta, aka hana shi gona, aka hana shi filin ƙwallo, rabi tausayi rabi kunya, kada a gan shi a yi magana. Hukumar Lafiya ta Duniya na so yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla awa ɗaya a rana yana motsi mai sa gumi. A ƙauye wannan ba sai an ƙirƙira ba: kai taki gona, yankan ciyawar awaki, ɗebo ruwa, aike a keke. Sai dai a kula da zafi, domin waɗannan magunguna na rage wa jiki iya sanyaya kansa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, aikin ya zama da sassafe ko bayan la'asar, da ruwa a kusa.

Ba zan ruɗe ku ba, gyaran abinci da motsi kaɗai sau da yawa ba sa iya ja da olanzafin. Sauran aikin na likita ne, kuma yana da hanyoyi. Zai iya rage yawan maganin zuwa mafi ƙanƙantar abin da zai riƙe yaron. Zai iya cire wani in an haɗa biyu ko uku ba dole. Zai iya sauya shi da wanda bai kai shi sa ƙiba ba, kamar arififirazol, ko da yake ya fi tsada kuma ba a kowane kemis ake samunsa ba. Tsofaffin magunguna ma kowanne da nasa: Largactil, wanda aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, yana sa ƙiba da barci, halofiridol bai cika sa ƙiba ba, amma yakan sandarar da jiki, ya sa rawar hannu, ya murɗe wuya, kuma yara sun fi manya saurin gamuwa da hakan. Sai hanya ta ƙarshe, a ƙara metfomin, maganin sukarin nan mai araha da kusan kowane gida mai dattijo ya sani. A 2006 an gwada shi a birnin Cincinnati a kan yara 39 'yan shekara 10 zuwa 17 na tsawon mako 16: waɗanda suka sha shi nauyinsu ya tsaya, waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki suka ci gaba da ƙaruwa. An maimaita irin wannan gwaji a wasu wurare an ga amfaninsa. Ya fi iya tsayar da ƙiba a kan ya zaftare wadda ta riga ta zauna, shi ya sa jinkiri ke da tsada. Yakan ɗan ɓata ciki a farko, don haka da abinci ake shansa, kuma ba abin da za a saya a kemis a ba yaro ba ne ba tare da likita ya duba ƙodarsa ba.

Abin da kuwa ba a yi shi ne a tsayar da maganin a gida. Na san iyayen da suka ga ƙiba suka tsorata suka watsar da ƙwayoyin rana ɗaya. Bayan 'yan makonni ciwon ya dawo, aka koma asibiti, aka fara da adadin da ya fi na da. An gudu ba a tsira ba. Haka ma azumi: kafin watan ya kama a tambayi likita yadda za a jera lokutan sha, kuma a sa ido a kan buɗa-baki, inda kunu mai sukari da soye-soye ke haɗuwa da yunwa biyu.

'Yan mata na da nasu ƙarin nauyin, kuma shi ne ya fi tayar mini da hankali. Risferidon na ɗaga sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa. A jikin saurayi ƙirji kan kumbura, abokai su sa shi a gaba. A jikin budurwa al'ada kan ɗauke, nono ya fara tsatsafo da ruwa, ga ciki ya ƙaru saboda ƙiba. Ka haɗa waɗannan uku a jikin yarinya 'yar shekara sha biyar da ba ta da aure, a ƙauyen da kowa ya san kowa, ka ga irin zargin da zai hau kanta, ita da ba ta da bakin kare kanta. Ya kamata a gaya wa uwa wannan tun ranar da aka miƙa mata takardar magani. Akwai kuma balfuret, wanda ake ba masu farfaɗiya da masu ciwon da ke hawa da sauka da yanayin rai. Shi ma yana sa ƙiba, yana rikita al'ada, kuma idan aka ɗauki ciki ana shansa, kusan jariri ɗaya cikin goma kan zo da naƙasa. A inda ake aurar da yarinya da wuri, duk gidan da 'yarsu ke shansa su koma wurin likita tun ana maganar sa rana.

Mu dai da muka koma asibiti, na tafi da littafin tela a hannuna, aro. Likitan da muka samu a wannan karon ya duba lambobin biyu, ya yi shiru, ya sa aka kawo sikeli. Sukarin yaron ya nuna 108. A hankali, cikin makonni, aka janye olanzafin ana shigar da wani, muna ta fargaba ko barcin zai sake ɗaukewa. Ya ɗan yi gardama kwana huɗu, sannan ya daidaita. Bayan shekara guda ya koma makaranta, ya sauke kusan rabin abin da ya ƙara, sauran ya zauna. Kakarsa har yanzu tana ganin an cuci mai gidanta. Igiyar tana rataye a ƙusa a ɗakin mahaifiyarsa, kuma an sake yanka sabuwa sau ɗaya, don ya ƙara tsayi. Duk ranar Juma'ar farko ta wata, kafin ya sa riga ya tafi masallaci, sai ta ninka ta biyu ta zagaya masa. A watan jiya saura faɗin yatsa biyu bakin su haɗu.